Kwamfutar da Na Sayar wa Baba Dogara

Aikin farko da na yi da hannuna a wannan sana'a shi ne kwance wata tsohuwar kwamfutar tebur a shagon maigidana, Oga Emeka, a Kaduna. Ya miƙo mini sukundireba da tsohon buroshin haƙori, ya ce in buɗe ta, in goge cikinta, in mayar da komai inda na same shi. Na mayar, na rufe, sai ga sukurori uku a tafin hannuna. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce in sake. Sau huɗu na kwance akwatin nan a ranar kafin na rufe shi babu abin da ya yi saura. Shekara biyar na yi a gabansa. Ina faɗin wannan ne saboda ku matasan da kuke tsayawa a ƙofar shagona nan Birnin Gwari, kuna ganina a kan kujera, kuna cewa ai sana'ar Malam Sama'ila zama ce a inuwa da latse-latsen waya.

Kujerar ce kawai a zaune, sana'ar ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Da na dawo gida, teburi da laima gare ni a bakin tasha, ina cajin waya da ƙaramin janareto, ina zuba wa mutane waƙa da wa'azi a memori. Kafin in gama jin daɗin wannan, kowa ya iya tura wa ɗan'uwansa da kansa. Na koma sayar da waya mai madannai, masu gilashi suka zo suka ture ta gefe. Na fara ɗauko laftof 'yan gwanjo daga Kaduna, biyu ko uku, in naɗe su da zannuwa saboda ramukan hanya, ina sayar wa malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Kayan aikina ba su da yawa har yau: ƙananan sukundireba, mitar gwada wuta, ƙarfen soda, gilashin ƙara girma, da batirin sola a ƙarƙashin benci. Su ba sa canjawa. Abin da ake kawo musu ne ke canja kama duk bayan shekara biyu, ka ɗan yi sake sai ka ga shagonka cike da kayan da ba mai tambaya.

Ana cikin haka tabilet ya shigo. Ga wanda bai saba ba, faffaɗan gilashi ne kamar littafi, babu madannai, da yatsa ake sarrafa shi. Dillalan Kaduna suka jera shi layi ɗaya da laftof. Ni kuwa na karɓe shi hannu bibbiyu, don ya dace da garinmu. Wuta sai ta yi kwana da kwanaki ba ta leƙo ba. Laftof 'yar gwanjo batirinta ba ya kai ka daga azahar zuwa la'asar, shi kuwa tabilet ɗan farantin sola ya ishe shi ka wuni kana aiki. Ma'aikatan rigakafi da masu rubuta sunayen manoma da shi suke yawo ƙauyuka. Wani Bafulatani daga wata ruga a bayan Kusasu ya sayi ɗaya don iyalinsa su riƙa kallon wa'azi, cikin wata guda ya turo mini mutum huɗu. Na raba kayan shagona gida biyu, waya a hagu, kwamfuta a dama, tabilet na sa shi a dama.

Shagon da ke manne da nawa na Habu ne, ɗan kawuna, abokin wasana. Shi buga takardu yake yi, wasiƙar neman aiki, katin biki, takardar sayen fili. Yana da ƙatuwar kwamfutar tebur da firinta mai ƙara kamar injin markaɗe. Ranar da ya ga inda na jera tabilet, ya tsaya a ƙofa ya riƙe ƙugu, ya ce in mayar da abin nan wurin danginsa, wai waya ce da ta ci ta ƙoshi. A wurinsa, duk abin da ba za ka buga takardar fili a kai ka fitar da ita a firinta ba, ba kwamfuta ba ne. Na ce masa ƙwaƙwalwar da ke cikin ɗan gilashin nan ta fi ta tsohuwarsa sauri, kuma nan gaba kaɗan sai dai ya yi kujera da akwatin nasa. Ya ce in zo in rubuta shafi uku da yatsa ɗaya ya gani. Haka muke yi kusan kullum, mai shayi da mutanensa suna jin mu suna dariya. A lokacin musu ne kawai na cika rana, babu wanda zai rasa komai a kai.

Wata ranar kasuwa bayan girbi, wani dattijo ya shigo da 'yarsa. Sunansa Baba Dogara, manomi daga wani ƙauye a bayan Randagi. 'Yar tasa, Rahila, ta gama sakandare, za ta rubuta jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda yanzu a kwamfuta ake yin ta. Aikin jinya take son karantawa. Malaminta ya ce musu in ana so ta ci, a samo mata kwamfuta ta riƙa gwaji a gida, don a makarantarsu babu wadda ke tashi. Dattijon ya sayar da masararsa ya zo. Bai yi dogon bayani ba.

"Ɗana, ni ban san kan abin nan ba. Kwamfuta aka ce. Ka ba mu kwamfuta."

Na tambaye shi ko suna da wuta a ƙauyen, ya yi dariya. Na tambaya ko akwai janareto kusa, ya ce sai na coci, shi ma ranar Lahadi. To ni a wurina magana ta ƙare. Na ɗauko tabilet mai kyau, ba irin na bogi ba, na zuba masa manhajar tambayoyin shekarun baya wadda ba ta buƙatar sabis, na haɗa da farantin sola. Rahila ta karɓa, ta taɓa wata amsa da yatsa ta yi kore, ta taɓa wata ta yi ja. Cikin minti biyar ta gane kansa. Suka yi magana da Gbagyi ita da mahaifinta, sai ya juyo ya sake tambayata ko wannan ɗin kwamfuta ce. Na ce ƙwarai kuwa, Baba, ita ce ta zamani. Habu yana jin mu ta bango, ya yi gyaran murya, na yi kamar ban ji ba.

Ku lura, ban cuce shi a kaya ba, na'urar tana aiki har yau. Tambayoyin da na yi masa ma daidai ne. Guda ɗaya ce ban yi ba, wato a kan wace irin kwamfuta za ta zauna jarrabawar, kuma abin da ya hana ni yin ta shi ne, ni da nake sayar da kwamfuta shekara da shekaru, ban taɓa sa ƙafa a ɗakin da ake wannan jarrabawa ba.

Bayan wata biyar suka dawo. Baba Dogara ya kwance ɗankwalin da aka naɗe tabilet ɗin, ya ajiye shi a kan teburina, fes, ko ƙwarzane babu. Ya ce Rahila ta faɗa mini da bakinta. Ta ce an kai su wani babban ɗaki a Kaduna, kwamfutoci jere a kan tebura, kowace da kibod na buga haruffa da ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, wanda muke kira mawus. Aka ce a fara, agogo ya soma tafiya a saman gilashin. Tambayar farko ta san amsarta tun kafin ta gama karantawa. Ta kai yatsa ta taɓa, shiru. Ta danna da ƙarfi, shiru. Ta ɗaga hannu, mai sa ido ya zo a gurguje ya nuna mata mawus ya wuce, don ba ita kaɗai ke kiransa ba. Ta kama shi, kibiyar da ke kan gilashi ta gudu can kusurwa. Ta ɗaga shi sama tana juyawa, kibiyar ta tsaya cak. In ta samu ta kai ta kan amsa, sai ta danna ɓangaren da ba shi ba, ko hannunta ya goce ta zaɓi ta ƙasa. Kafin hannun ya fara faɗawa, lokaci ya ci rabi. Ta fito ta bar darasi guda sukutum ba ta buɗe ba. Makin da ta samu bai kai ta ko'ina ba.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kwamfuta na ce maka. Da ka ce mini ba ka da ita, da na je gaba."

Na so in fara bayanin cewa ai a cikinsu duk abu ɗaya ne, sai na ga babu inda bayanin zai kai yarinyar. Na ce zan karɓi kayan in ba shi laftof. Ya ce ya kai ta ƙauyen da babu wuta ta ci me? Ya ce zai sake yankar mata fom sau ɗaya in Allah ya kai mu baɗi, don ya ga yadda take cin gwajin a gida. Amma daga wannan babu wani. In ba ta samu ba ta haƙura da karatun, ga gona, ga ƙannenta a baya. Ya naɗe tabilet ɗin suka fita. Ba a kwana biyu ba labari ya zaga kasuwa cewa Sama'ila ya sayar wa dattijo waya da sunan kwamfuta. Habu, wanda na zata zai sa ni a gaba, sai ya kama aikinsa ya ƙyale ni.

Zuwana Kaduna na gaba, kafin in shiga wurin dillalai, na nemi wata cibiyar jarrabawa na roƙi mai kula da ita ya bar ni in leƙa. Na zauna a kujerar da ɗalibai ke zama. Na ga tsayin tebur, na ga irin mawus ɗin, na ga yadda agogon ke cin lokaci a kusurwa. Mutumin ya nuna mini cewa ko mawus ba dole ba ne, harafin amsa kawai za ka danna a kibod, wani harafin kuma ya kai ka tambaya ta gaba. Ya ce duk shekara sai sun ga masu dangwalar gilashi, musamman waɗanda suka saba da waya. Awa ɗaya na yi a ɗakin nan. Da na yi wannan awa ɗaya kafin ranar da suka shigo shagona, da Rahila tana makaranta.

Sai shekarar ta juya mana baya. Mutanen daji, 'yan bindiga, suka matsa wa hanya da ƙauyuka, hukuma ta katse sabis ɗin waya a yankinmu, aka hana hawa babur, aka hana sayar da fetur a jarka. Zuwa Kaduna sai an taru an yi ayari da rakiyar jami'an tsaro, wata rana ku wuni a tasha a ce babu tafiya. Wa zai sayi waya a garin da babu sabis? Nakan buɗe shago in share, in goge gilasai, in rufe, in koma gida, in sake dawowa in buɗe don na kasa zama. Na gwada sayar da fitilun sola, na gwada rediyo. Mutane suka fara kawo tabilet suna neman in saya ko nawa ne, wai ya zama tiren shayi. Habu kuwa aikinsa bai tsaya ba, don waɗanda suka baro ƙauyuka suna neman a buga musu takardu iri-iri. Ya leƙo ya ce, to malamin zamani, yau wace ce kwamfutar? Amma dariyarsa ba ta yi nisa ba. Babu wuta, babu man janareto. Ya koma tara aiki sai ya samu kwalba ɗaya ya kunna na awa guda, sauran wunin ƙatuwar kwamfutarsa tana lulluɓe da zane kamar mai zazzaɓi. Muka koma zama a benci ɗaya muna kallon titi.

A wannan zaman ne na ga Rahila ta wuce da bokitin ruwa. Ashe mahaifinta ya kawo ta da ƙannenta gidan gwaggonsu a cikin gari, shi ya koma ya tsare abin da ya shuka. Na kira ta. Ta tsaya daga nesa ta yi mini gaisuwar fatar baki. Na tambaye ta tabilet, ta ce yana nan, tana karatu a kai, ai shi bai san an katse sabis ba. Na ce mawus fa? Ta ce a ina za ta gan shi? Watanni kaɗan suka rage a sake zama jarrabawar, kuma hannun nan da ya kayar da ita yana nan yadda yake. Na ce ta je ta faɗa wa gwaggonta, in ta yarda, gobe da hantsi ta zo da na'urar.

A cikin durowata akwai wata 'yar igiya, tsawonta bai wuce yatsa ba, da nake sayar wa mutane don su jona filash, ɗan ma'ajin nan na waƙa da hotuna, a waya su kwashi fim. Shekaru ina sayar da ita, ban taɓa tunanin jona wani abu dabam a bakinta ba. Na ce wa Habu ya ara mini mawus da kibod ɗinsa tunda barci suke yi. Ya ce kayan kwamfuta ba sa shiga jikin waya, amma zai kawo don ya ga ƙarshen ƙaryata. Na samo ɗan reshe mai raba bakin igiyar gida biyu, na jona su duka, na jingina tabilet ɗin da kwali ya tsaya a tsaye. Na ja mawus. Sai ga 'yar baƙar kibiya ta fito tana yawo. Habu ya sunkuyo, ya ture hannuna, ya buga sunansa a kibod, ya ga ya fito. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to yanzu da aka sa masa hannu da ƙafa irin na gidansu, ya fara kama da mutane. Na ce ka yarda ke nan. Ya ce bai yarda ba, kayansa ne kwamfutar, nawa madubi ne kawai.

Matsalar da ta rage ita ce yatsan Rahila. Tana riƙe da mawus da dama, sai hagu ya tashi da kansa ya dangwali amsa, tabilet kuma ya karɓa, don shi bai san horo muke yi ba. Habu ya yi ta faɗa, a banza. A rana ta uku na kwashe wayoyin da ke cikin akwatin gilashin da nake jera kaya, tunda ba mai saye, na sa tabilet ɗin a ciki, na zaro igiyoyin ta gefe, na rufe. Yanzu in ta kai yatsa sai ta ci karo da gilashin akwati, shiru, kamar yadda ta gani a Kaduna. Na sauko da agogon bango na ajiye kusa da ita. Habu ya koya mata zaman hannu: a kwantar da wuyan hannu a tebur, kada a ɗaga mawus, a danna sau ɗaya a saki. Ni na koya mata haruffan da mutumin cibiya ya nuna mini. Kullum daga hantsi har azahar, ban da Lahadi, wata uku. Sati biyun farko tambarin yatsanta ne cike da gilashin, sai na goge in za a tashi. Daga baya na daina neman tsumma.

Kuna tambayata, kamar yadda dillalan Kaduna ke musu har yau, ko tabilet kwamfuta ne. In cikinsa ake magana, kwamfuta ne, na buɗe da sukundireba na gani. In ofis ya ce yana son kwamfuta don ma'aikacin da zai zaga ƙauyuka yana rubuta sunaye, shi zan ba su, ba tare da jin nauyi ba. In irin Habu ne ya zo, ba zan ba shi ba. Kasuwar ma tana tafiya inda raba su zai yi wuya. Yanzu akwai tabilet mai zuwa da kibod ɗinsa a manne, akwai laftof da ake taɓa gilashinta, ni kaina ban san a wane layi zan jera su baɗi ba. Amma wanda ya shigo ya ce maka kwamfuta, akwai wani ɗaki da zai shiga ko wani tebur da zai zauna, wanda kai ba ka gani ba. In ba ka san ɗakin ba, kada ka ce masa ƙwarai kuwa. Je ka leƙa tukuna.

Kwana biyu kafin jarrabawar Baba Dogara ya biyo motar kaya ya shigo gari, ya raka 'yarsa tasha tun da wuri don kada ranar ta zo a ce babu ayari. Ta gaban shagona suka wuce. Rahila ta ɗaga mini hannu, shi bai juyo ba. Bayan ta dawo suka koma ƙauye, don hanya ta ɗan yi sauƙi. Sabis ya dawo yana ɗingishi, amma ba ni da lambar kowa a gidansu. Na je wurin gwaggon sau biyu, ta ce ita ma ba ta ji komai ba. Damina ta zo ta wuce. Duk ranar kasuwa sai in sami kaina a bakin titi ina duban motocin Randagi, Habu yana tambayata ko na koma ɗan kamasho ne.

Sai bayan girbi suka shigo, ranar kasuwa, ana tsakiyar cinkoso. Dattijon ya zauna a benci, ya sha ruwa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sai da ya ga dama sannan ya ce ta samu, an ɗauke ta makarantar jinya. Kuma an ce kowane ɗalibi ya zo da kwamfuta. Na miƙe da sauri, na fara cewa akwai wata da ta iso shekaranjiya, mara nauyi, batirinta kuwa... Ya ɗaga hannu.

"Zauna, ɗana. Wannan karon ita za ta zaɓa. Kai ka yi shiru."

Na jera mata laftof huɗu a kan tebur. Ta buɗe kowace, ta gyara zama, ta buga layi biyu uku, ta jona mawus, ta duba bakunan da ke gefe. Ta tambayi Habu, ba ni ba, ko wannan za ta yi aiki da firinta. Ta tsallake mara nauyin nan, ta ɗora hannu a kan wata tsohuwa baƙa mai kauri, wadda harafi ɗaya ya goge a kibod ɗinta. Ba ita zan zaɓa mata ba, ina da dalilai uku kuma duk suna bakina. Na dubi Baba Dogara, ya dube ni. Habu yana ƙofa yana danne dariya. Na ɗauko cajarta na naɗe igiyar, na sa su a jaka, na miƙa mata.